Ƙafafu Huɗu Ba Su Bukatar Kwamfuta

Abin da ya dame ni game da samarinmu masu sha'awar ƙera ƙananan mutum-mutumi masu tafiya da ƙafafu shi ne, da zarar ɗayansu ya ƙudura niyyar haɗa ɗan abin da bai fi tafin hannu ba, mai moto biyu da ƙafafun waya huɗu, sai ya nufi allon Arduino kai tsaye, ya kwafo umarnin da wani ya rubuta ya ɗura masa, alhali kuwa da za a tambaye shi dalilin da ya sa ƙafar gaba ta riga ta baya motsawa, ba shi da hujja face ya ce haka ya tarar an rubuta. Wannan taklidi ne tsantsa, taklidi kuwa a sana'ar hannu illa ce babba, domin ranar da abin ya ƙi tafiya mai shi ba ya da makama.

Ku da kuka daɗe a wannan fage kun san magabata ba haka suka faro ba. Tun tsakanin 1948 da 1949 Grey Walter ya ƙera kunkurunsa biyu, Elmer da Elsie, a birnin Bristol na Ingila, suna bin haske suna kauce wa abin da suka ci karo da shi, ba su da wata ƙwaƙwalwa sai kwalaben lantarki biyu irin na tsohuwar rediyo. Su a kan taya suke tafiya. Wanda ya shahara da kai wannan hikima ga ƙafafu shi ne Mark Tilden, wanda ya fara a Jami'ar Waterloo ta Kanada, daga bisani ya koma cibiyar bincike ta Los Alamos a Amurka, ya kuma yi rajistar fasaharsa a 1994, shi ne kuma limamin mazhabar da ake kira BEAM.

Jijiyar Tilden, wato ɗan haɗin lantarkin da ya gina fasaharsa a kai, ba ta wuce abu uku ba: kafasita, da rezista, da ƙofa mai juya sigina, irin waɗanda ake samun guda shida a cikin aisi ɗaya mai lamba 74HC14. Idan aka jera huɗu aka ƙulla ƙarshensu da farkonsu suka zama zobe, sai bugun lantarki guda ya riƙa zagayawa, kowace jijiya ta riƙe shi gwargwadon lokacin da kafasitarta da rezistarta suka ƙayyade, sa'an nan ta miƙa wa ta gaba. Ta farko ta juya moton gaba, ta biyu ta juya na baya, ta uku ta mayar da na gaba, ta huɗu ta mayar da na baya, tafiya ta samu ba tare da an rubuta ko harafi ba. Mai son dogon taku sai ya ƙara girman rezista. Kowane sababi yana gaban idonka, kana iya ɗora yatsa a kansa.

Abin da ya fi ƙayatar da ni ma yana cikin nau'i mai jijiya biyu, wanda aisi mai lamba 74AC240 ke tuƙa moto kai tsaye, domin idan ƙafa ta haɗu da dutse ta cije, moton zai ja wuta fiye da ƙima, ƙarfin lantarkin ya ragu, lokacin jijiyar ya sauya, ƙafar ta juya ta sake neman wurin takawa, ta yadda moton da kansa ya zama gaɓar ji ba tare da an ƙara masa komai ba. Malam mai Arduino fa? Sai ya sayo na'urar ji, ya ja mata waya, ya sake komawa intanet neman umarnin da zai karanta ta, kamar wanda ya ɗauko tirela don kai ƙwaryar fura gidan maƙwabci.

Ban musa ba, mutum-mutumin da ake so ya tuna hanya ko ya amsa umarni daga nesa lalle yana bukatar ƙwaƙwalwar da ake tsarawa, kuma Robosapien da Tilden kansa ya ƙera wa kamfanin WowWee a 2004 yana da irinta. To amma shi sai da ya san ɗabi'ar kafasita ciki da waje kafin ya kai can, namu kuwa so suke su yi fatawa ba su sauke littafin farko ba.

Saboda haka ina roƙonku, malaman makarantun fasaha da shugabannin ƙungiyoyin ƙere-ƙere, kada ku miƙa wa ɗalibi allon Arduino sai ya fara sa moto biyu sun yi taku da aisi ɗaya, ya kuma yi muku bayanin aikin kowace rezista da bakinsa.