Fuskokin Dutse na Rumawa: Wanne Ne Ya Fi Kusa da Gaskiya?

A cikin kayan tarihi na gidan Torloniya da ke birnin Rum akwai kan wani dattijo da aka sassaƙa da marmara, wato farin dutsen nan mai santsi da magina ke kira mabul. An kiyasta an yi shi wajen shekara 75 zuwa 50 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sanƙo ya ci gaban kansa, kumatu sun zurma, goshi duk tamoji, leɓe a datse kamar wanda aka zo wa da maganar bashi. Duk wanda ya buɗe hotonsa a waya zai ce ai ya san wannan tsohon, irin su ne ke zama gaban shago suna raba gardamar 'yan tireda.

Na san wani zai ce, to mu ina ruwanmu da gumaka? Tambaya ce mai kyau. Gaskiya ne wasu daga cikin sarakunan Rum an ƙona wa siffofinsu turare, har Kiristocin farko suka sha azaba don sun ƙi yin hakan. Hukuncin sassaƙa da ajiyewa na malamai ne, ba na wannan shafi ba. Abin da ya kawo ni shi ne karatun fuskar a matsayin shaidar tarihi, domin kowace daga cikinsu saƙo ce da wani mai iko ya biya kuɗi aka rubuta a kan dutse.

Mu koma kan tsohon. Da yawa suna yabonsa da cewa masassaƙin bai ɓoye komai ba, abin da ya gani shi ya yi. Ni dai ban yarda da wannan yabon gaba ɗaya ba. A zamanin Jamhuriyar Rum tsufa jari ne. Sunan majalisarsu ma, wadda muka gaji kalmar sanata daga gare ta, daga kalmar “tsoho” ya fito a Latin, kuma sai mutum ya kai shekara 42 kafin ya nemi kujera mafi girma. Manyan gidaje kan ajiye fuskokin kakanninsu na kakin zuma a zauren gida, ranar jana'iza a fito da su a saka ana zagaya gari. Saboda haka wanda ya ce a zurfafa masa tamoji ba tawali'u yake yi ba. Cewa yake, na daɗe ina wahala saboda garin nan, ku ba ni girmana. Akwai alamar an ƙara gishiri ma, don layukan sun yi zurfin da fuskar mutum ba kasafai take kaiwa ba. Duk da haka aikin ya yi kyau ƙwarai. Dubi yadda fata ta saki a ƙarƙashin ido, ka tuna fa dutse ne, da ƙarfe aka bi shi ana sara kaɗan-kaɗan, in hannu ya zarce babu gyara.

Sai Agustas ya zo ya juya abin. Yana ɗan shekara 19 ya shiga kokawar mulki bayan an kashe Yuliyas Kaisar a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ba shi da furfurar da zai nuna wa kowa. Sai masassaƙansa suka ari salon Girkawa na da, fuska sumul, babu tabo, gashi a tsare bisa goshi. Ya mutu a shekara ta 14 Miladiyya yana da shekara 75, amma cikin siffofinsa fiye da 200 da suka saura ba za ka ga tsoho ba. Marubucin tarihinsu Suwetoniyas ya ce haƙoransa ƙanana ne masu gibi, ba su da tsabta, kuma yakan sa takalmi mai tudu don ya ƙara tsawo. Babu ko ɗaya a dutse. Turawa sun daɗe suna ɗaukar wannan fuska a matsayin ƙololuwar kyau. A gani na ita ce mafi rauni a cikinsu, domin in ka ga ɗaya ka ga duka, kuma ba ta gaya maka komai game da mutumin sai abin da fadarsa ke so ka ji. Mu da ke ganin fastocin 'yan takara a bangon unguwa duk zagayen zaɓe, ɗan shekara saba'in an goge shi a kwamfuta ya koma ango, bai kamata wannan dabara ta ba mu mamaki ba.

Wanda ya fi burge ni shi ne Fasfasiyan. Ya hau mulki a shekara ta 69, shekarar da sarakuna huɗu suka yi ta karɓe-karɓe bayan mutuwar Niro. Soja ne, ba ɗan babban gida ba, ubansa mai karɓar haraji ne, shi ma sai da ya sa haraji a kan fitsarin da majema ke kwasa. Akwai kansa a gidan tarihin Kofanhagan ta ƙasar Denmak: ƙaton kai, sanƙo, ƙananan idanu, baki ya lotsa kamar haƙora sun zube, da wani ɗan murmushin mai wayo a gefen leɓe. Wallahi in ka dube shi sai ka ji kamar zai taya ka da rabin kuɗi kuma ka sallama. Shi ma siyasa ce, ba shakka. Niro ya bar baitulmali a bushe da almubazzaranci, don haka fuskar tana cewa ga dattijon da ya san darajar kwabo. Bambancin kawai, a nan saƙon da mutumin sun dace da juna, shi ya sa dutsen ya yi rai.

Karakalla kuma tsoro yake sayarwa. Ubansa Sabtimiyas Sabiras ɗan Afirka ne, daga garin Labtis Magna a Libiya ta yau, uwarsa 'yar Siriya. A ƙarshen shekara ta 211 ya sa aka kashe ƙanensa Geta a hannun mahaifiyarsu, sannan ya ba da umarni a kankare sunansa da fuskarsa a ko'ina. A siffarsa da ke Nafuli gashi a aske irin na soja, gira a haɗe, ya juya wuya gefe kamar an kira shi da sunan da ba ya so. Masassaƙin gwani ne, ya huda ƙwayar ido yadda kallon zai tsaya wuri guda, dabarar da ba a fara amfani da ita sosai a marmara ba sai zamanin Hadriyan. Amma ba fuskar da mutum zai so ya daɗe yana kallo ba ce.

Wani abin da hoton waya ke ɓoyewa: farin nan ba asali ba ne. Fenti ake shafa musu, gashi da ido da leɓe, ƙasa da ruwa ne suka wanke. Akwai kan Kaligula a Kofanhagan da har yau ragowar launi ke jikin idonsa. Turawan baya da suka tono su fari fat sai suka gina ra'ayin cewa kyau na gaskiya fari ne kuma daga Girka ya fito. Da wannan awon ne Bajamushe Leo Frobenius ya zo Ile-Ife a 1910, ya ga kawunan da Yarabawan da suka yi, ya ce sun yi kyau da yawa a ce baƙar fata ne suka yi su, sai dai wasu baƙi daga teku. Bincike ya ƙaryata shi tuntuni.

Haka hanci. Shi ne ke fara karyewa in dutsen ya faɗi, kuma masu gyara a Italiya, ƙarni biyu zuwa uku da suka wuce, sun liƙa sababbi da yawa don kaya su sayu. In ka ƙara girman hoton za ka ga siririn layin haɗi. Wasu kawunan ma gaba ɗaya kwance ne. Da Niro ya faɗi ba a zubar da duk siffofinsa ba, marmara na da tsada, sai aka sake sassaƙe wasu suka zama Fasfasiyan. Kan yakan ɗan ƙanƙance, kunnuwa su yi girma fiye da kima, a ƙeya kuma a tarar da ragowar dogon gashin Niro da masassaƙi bai damu ya cire ba, tunda bayan kan bango yake fuskanta.