Soyayya a Bakin Ganuwa: Tsokaci kan Ƙagaggen Labarin Tarihi

Jurji Zaidan (1861–1914) ya shahara da wata dabara a ƙagaggun labaransa na tarihin Musulunci, irin su Fatat Ghassan: yakan saƙa labarin masoya biyu cikin yaƙe-yaƙe domin mai karatu ya ƙagu ya ga ƙarshe. Aibinta shi ne soyayya kan mamaye gurbin aƙida da siyasa wajen bayyana musabbabin al'amura, har ɗalibi ya kasa rarrabe ingantacciyar ruwaya da ƙage.

Shaihu Umar (1934) na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kuɓuta daga wannan aibi. Zullumin da ke cikinsa na uwa ne mai neman ɗanta da aka sace, kuma an bar cinikin bayi da muninsa.

Adabin kasuwar Kano ya fi karkata ga birni da zamani, alhali ƙasar Rano da Kibiya na ɗauke da tarihin hare-haren Ningawa na ƙarni na 19, lokacin da aka raba ma'aurata, aka kame 'ya'ya. Marubucin da zai ɗauko wannan tarihi yana da damar ƙirƙirar masoyansa, amma ba shi da ikon jingina wa wani sarki ko malami abin da bai aikata ba. Zuriyarsu na raye, kuma Shari'a ta kare mutuncin mamaci kamar na rayayye.