3.4 Kuntigi a Matsayin Ɗan Amshi a Waƙoƙin Ɗanmaraya Jos

Yawancin manazarta sun fi mayar da hankali ga jigogin waƙoƙin Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos (1946-2015), suka bar kiɗan a baya. A ganin wannan bincike, akwai gyara a nan. Idan aka duba faifan da Wes Montgomery na Amurka ya fitar a 1959, za a tarar akwai makaɗa biyu da ke tallafa wa jitarsa. Shi kuwa Ɗanmaraya ba mai taya shi, tsirkiya ɗaya ce tak a hannunsa. A waƙar "Karen Mota", duk inda ya tsaya jan numfashi, kuntigi ne ke karɓa, ya cike gurbin amshi, ya kuma riƙe kari. Saboda haka, wanda ya tsaya ga baitoci kawai, rabin waƙar ya nazarta.