CSI Ba Makaranta Ba Ce

Idan 'yarki ta dawo daga makaranta ta ce ita forensik za ta karanta a jami'a, wato kimiyyar binciken laifuka, kada ki yi saurin cewa a'uzubillahi, kada kuma ki ruga ki buga waya gida ki ce an samu likita. Fara tambayar ta inda ta samo sha'awar. Yawanci talabijin ne: CSI na Amurka da aka fara a 2000, ko Silent Witness da BBC ke nunawa tun 1996. Ba na ƙin su, ni ma nakan kalla idan na sauko daga aikin dare barci ya ƙi zuwa. Amma a matsayin abin koyo, ba su da kyau. Mutum ɗaya ne zai je inda aka yi kisa, ya yanka gawa, ya duba jini, ya kuma tsare mai laifin da tambaya, duk cikin awa guda. A zahiri wannan aikin mutane da yawa ne, kowa da karatunsa. Babban laifinsu kuwa shi ne, a wurinsu gwaji ba ya kuskure. Na'ura ta yi ƙara, suna ya fito, shi ke nan.

To me za a ba yaro ya karanta? Littattafai uku ne suka fi yawo a laburaren unguwa a nan Ingila, kuma ba darajarsu ɗaya ba.

Na Val McDermid, Forensics: The Anatomy of Crime (2014), shi zan fara miƙa wa ɗan sakandare. Marubuciyar ƙagaggun labaran kisa ce, ba masaniyar kimiyya ba, kuma hakan ya yi mata rana, don ta iya jan mai karatu. Ta bi fannonin ɗaya bayan ɗaya: gobara, ƙwari, guba, zanen yatsa, jini, ƙashi, kwamfuta, har zuwa kotu. Yaron da yake zaton aikin duk gawa ne zai gane akwai wanda rayuwarsa kaf tsutsar ƙuda yake nazari, don girmanta na nuna kwana nawa da mutuwa. Inda ta gaza shi ne lissafi. Labari ya fi ƙarfinta, sai ka gama babi ka san abin da ya faru amma ba ka san yadda aka auna ba.

Na Sue Black, All That Remains (2018), ya fi shi nauyi a zuciya. Masaniyar ƙashin ɗan Adam ce da ta daɗe a Jami'ar Dundee, ta je Kosovo a 1999 tantance gawarwakin da aka kashe a yaƙi, ta je Tailan bayan ambaliyar tsunami ta 2004. Abin da ya sa nake son iyayenmu su karanta shi, ba yara kawai ba, shi ne yadda take mutunta mamaci. Aikinta mayar wa gawa sunanta ne, don dangi su samu abin binnewa. Duk wanda ya taɓa wanke gawa zai gane ta. Sai dai rabin littafin tarihin rayuwarta ne, mai neman darasi tsantsa zai ƙosa.

Na uku, Unnatural Causes na Richard Shepherd (2018), ban yarda a ba ɗan shekara sha huɗu ba. Likitan binciken gawa ne da ya duba sama da gawa 23,000, kuma bai ɓoye cewa aikin ya taɓa masa ƙwaƙwalwa daga baya ba. Amma wanda ya kusa cike takardar jami'a, lallai ya karanta, ya san kuɗin da ake biya wanda ba na makaranta ba.

Ma'aunina ga kowane littafi ko kwas a wannan fanni ɗaya ne: yana gaya wa yaro inda kimiyyar ta yi ɓarna? Kowa na ba da labarin Alec Jeffreys, wanda ya gano gwajin DNA a Jami'ar Leicester a 1984, da yadda aka kama Colin Pitchfork aka ɗaure shi a 1988. Abin da ake saurin wucewa shi ne, kafin gwajin ya kama kowa, sai da ya fara wanke wani yaro ɗan shekara 17 da ya riga ya amsa laifin da bai yi ba. Sannan ga Sally Clark. Lauya ce, jariranta biyu suka rasu, aka ɗaure ta a 1999 bayan wani babban likita ya gaya wa kotu cewa yiwuwar hakan ya faru ba da hannun mutum ba ɗaya ce cikin miliyan 73. Lissafin ba daidai ba ne. Ƙari a kan haka, akwai sakamakon gwaji da ya nuna ɗan na biyu na ɗauke da ƙwayar cuta, ba a kai shi gaban kotu ba. An sake ta a 2003, ta rasu a 2007. Mu da muke aikin jinya mun san nauyin takarda guda da aka manta a fayil. Yaron da bai ji wannan labari ba, bai fara karatun ba tukuna.

Kafin ku kashe ko fam ɗaya, akwai kwas ɗin Jami'ar Strathclyde a FutureLearn, Introduction to Forensic Science. Kisa guda na ƙage ake bi mako-mako, ana koyon yadda ake killace wuri, a ɗauki shaida, a rubuta wa ya taɓa ta da ƙarfe nawa. Akwai gundura a ciki, kuma gundurar ce amfaninsa. Idan 'yarki ta jure ta, to da gaske take.

Saura maganar aiki, wadda littattafan ba sa son tsayawa a kai. Gwamnati ta rufe hukumarta ta Forensic Science Service a 2012, aikin ya koma hannun kamfanoni da 'yan sanda, kuma a 2019 wani kwamitin Majalisar Dattawan Birtaniya ya ce fannin na cikin mawuyacin hali. Masu digirin sun fi guraben yawa. Shi ya sa nake cewa a riƙe kemistiri da bayoloji da lissafi da kyau a A-level, a kuma duba ko ƙungiyar Chartered Society of Forensic Sciences ta amince da kwas ɗin. Mai son yanka gawa kuwa, hanyarsa daban ce: sai ya gama likitanci tukuna. Akwai ma ma'aikatan jinya da ke ɗaukar shaida a cibiyoyin kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, hanyar da ba na jin yaranmu na ambata.

Mu kanmu muna da buƙata a nan. Duk wanda aka yi masa rasuwar fuju'a a ƙasar nan ya san yadda jami'in binciken mutuwa ke riƙe gawa, dangi na zaune da likkafani ana ƙirga kwanaki. A wasu garuruwan ana iya neman a yi hoton CT maimakon yanka, amma ba kowace mutuwa hoton ke bayyanawa ba, kuma wani lokaci iyali ne ke biya. Ranar da aka samu 'yarmu a wannan ofishi, wadda za ta yi wa tsoho bayani da Hausa me ya sa ba za a yi jana'iza yau ba, wallahi ba ƙaramin sauƙi za a samu ba.