Masu Kala a Zanen Faransawa

Ku 'yan makaranta, in an nuna muku zanen ƙauye, kada kyaun launi ya ɗauke muku hankali. Ku fara tambaya tukuna: gaskiya mai zanen ya faɗa, ko kuwa abin da masu saye su ke son gani? Ga misali daga ƙasar Faransa.

Akwai wani gwanin zane, Jean-François Millet, ɗan manoma, wanda aka haifa a 1814. Cikin 1849 ya bar Faris ya koma ƙauyen Barbizon, can ya zauna har ya rasu a 1875. A shekarar 1857 ya fito da zanen waɗansu mata uku suna kala a gonar alkama, watau tsintar abin da ya zube bayan girbi, kamar yadda mata ke yi a gonakinmu. Biyu sun sunkuya, hannu a ƙasa, ta ukun ko miƙewa ba ta gama ba. Can nesa ga dammuna tuli tuli, ga wakilin mai gona bisa doki. Yalwa na baya, yunwa na gaba. Da yawa cikin masu sukar zane na Faris suka ƙi shi, gama ba su manta da tawayen 1848 ba.

Bayan shekara biyu Jules Breton ya zana nasa masu kalan. Nasa matan a tsaye su ke, kyawawa, suna komawa gida da almuru, ɗauke da manyan dammuna. Wannan ya gamshi manya ƙwarai, har aka saya wa sarki Napoleon na Uku.

To, wanne ya fi? A ganina na Millet. Breton gwani ne, amma duk wanda ya taɓa kala ya san ba ta cika dami haka. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo: Millet ya yi noma da hannunsa, shi ya sa ya zana ciwon baya. Duk da haka yana da nasa aibi. Ya lulluɓe gonar da haske mai taushi, ya ɓoye fuskokin matan, har mai kallo ya iya jin daɗin wahalarsu ba tare da ya dubi idonsu ba.

Zanen nan biyu suna gidan ajiya na Orsay a Faris. In kun sami hotunansu, ku jera su, ku dubi bayan matan kafin ku dubi sararin sama.