Jinjina ga Masu Gadin Laka a Ɗakin Tiyata

Idan hatsarin mota ya rutsa da mutum a hanyar Kazaure, ko ciwon baya ya durƙusar da manomi a Roni, Gwiwa ko Babura, galibi Kano ake nufa, Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Malam Aminu Kano. Babban abin fargaba a tiyatar ƙashin baya shi ne laka: idan ƙusar da ake kafawa a ƙashin ta kauce kaɗan, ƙafafu na iya shanyewa.

Masu sa ido kan jijiyoyi sun cancanci jinjina. Sukan manna wayoyi a kan mara lafiya da gaɓoɓinsa, su aika ɗan lantarki, su ƙura wa kwamfuta ido don ganin ko saƙo na ratsa laka. Da zarar ya raunana, sai su ankarar da likita tun ɓarna ba ta tabbata ba. A 1973 likitocin Faransa suka fito da dabarar tada mara lafiya ana tsakiyar aiki, a ce ya motsa yatsun ƙafa. Yau na'ura ke faɗakarwa yana barcinsa.

Ya kamata gwamnatin Jigawa ta ɗauki nauyin horar da 'ya'yanmu a wannan fanni, ta kuma samar da na'urorin.