Jirgin Kilba da Dogon Ƙaura

A shekarar 1969, lokacin da Amurkawa suka taka duniyar wata, Nijeriya kuwa tana tsaka da yaƙin basasa, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. Labarin wani yaro ne, Kilba, wanda wani baƙo daga sama, Kolin Koliyo, ya ɗauka zuwa sararin samaniya. Ban yarda da masu cewa irin wannan labari shagala ce ga al'ummar da ke cikin ƙunci ba. Ana jin ƙarar bindiga, Dembo ya tabbatar cewa Hausa na iya ɗaukar zancen taurari da na'ura.

Sai dai ina da ƙorafi a kansa. Kilba fasinja ne. Ba shi ya ƙera jirgin ba, ba shi ke riƙe da akalarsa ba. Tun daga Ruwan Bagaja, abin al'ajabi a adabinmu yana can wata ƙasa, aljani ko baƙo ke kai mutum. Da wuya marubuci ya tsaya a garinsu ya hango yadda zai kasance bayan shekara hamsin.

Mutumin Ƙaura Namoda ya san illar zama fasinja. A 1929 dogo ya iso garin daga Zariya, ya tsaya nan. Mafarkin Turawa ne, don kwashe gyaɗa da auduga. Da kasuwar gyaɗa ta mutu, tashar ma ta yi tsit. Yau manomin Zurmi kan biya 'yan bindiga haraji kafin ya girbe gerona da naka, matafiyi kuma ba ya kama hanyar Shinkafi sai da fargaba. Wanda ya tashi cikin wannan hali, lissafinsa ba ya wuce daminar bana, kuma wanda bai taɓa ganin zaman lafiya ko da a labari ba, da wuya ya san abin da zai nema a teburin sulhu.

Nnedi Okorafor ta saukar da baƙin sama a Legas cikin Lagoon a 2014, amma da Turanci. Ni littafin da nake jira na Hausa ne, a Shinkafi ta shekarar 2070. Jarumarsa ta yi karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura, ita ta ƙera injin da ke raba ruwan Gagare da Bunsuru tsakanin mai noma da mai kiwo. Rikicin labarin kuwa, wa zai riƙe makullin injin idan rani ya tsananta.